Tsakanin “Too” Da “Very”

Cikin kalmomin Turanci duka da mu ke fama da koya wa yara, ban ga wadda ta kai “too” ƙanƙanta da yawan ɓarna ba. Haruffanta uku ne kurum, biyu daga ciki ma iri ɗaya ne, amma ita ce kan mai da yabo zargi, ta mai da godiya ƙorafi, mai magana kuwa bai sani ba. Tun da ya ke yawancinmu a wannan kwaleji ba da daɗewa ba za a danƙa mana aji mu riƙe, na ga ya kamata in faɗi abin da na lura da shi game da ita, ko Allah ya sa ya amfani wani. Da gangan na zaɓi shafin Hausa, gama a ganina maganin wannan cuta yana cikin Hausar da yaran suka riga suka iya.

Kalmar nan tana cikin waɗanda masu nahawu ke kira bayanau, watau kalmomin da ke ƙara bayani a kan aiki ko a kan sifa. Aiki biyu ta ke yi. Na fari shi ne aikin “ma” na Hausa. In wani ya ce zai tafi kasuwa, kai kuma ka ce “I am going too,” ka ce ke nan kai ma za ka. Yawanci a ƙarshen magana ta kan zauna, ba kamar ’yar’uwarta “also” ba, wadda ta fi son tsakiya. Wannan bai cika ba yara wahala ba, sai a wuri ɗaya. Mu da Hausa mu kan ce “ni ma na sani,” mu kuma ce “ni ma ban sani ba,” duk da “ma” ɗin nan guda. Bature kuwa in magana ta zama ta musu sai ya ajiye “too” ya ɗauki “either.” Saboda haka yaron da ya ce “I don’t know too” Hausarsa ce ya sa wa rigar Turanci. Abin da a ke so shi ne “I don’t know either.”

Aiki na biyu shi ne inda gizo ke saƙa. In “too” ta zo gaban sifa, ma’anarta abin ya wuce kima, ya wuce gona da iri, har ya kai ga ɓata wani abu. “Very” kuwa ƙarfafawa kaɗai ta ke yi, kamar yadda mu ke cewa ƙwarai, ko sosai, ko ainun. A ce an kawo wa baƙo kunu. In ya ce “It is very hot,” labari ya bayar, yana iya hurawa ya sha abinsa, watakila ma haka ya ke sonsa. In kuwa ya ce “It is too hot,” to, ya ajiye ludayi ke nan, kunun ba ya shawuwa sai ya huce. Ta fari tana gaya maka yawan zafin, ta biyu tana gaya maka zafin ya zama aibi.

Sa’ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka ba ni aji biyar a wata makarantar firamare ta ƙauye. Ran nan na ce kowane yaro ya rubuta jimla biyar a kan uwarsa. Da na zauna duba littattafan da dare, sai na tarar fiye da rabin ajin sun kai ƙarar iyayensu mata wurina ba su sani ba. Wannan ya ce “My mother is too kind,” wancan ya ce “Her food is too sweet,” wata yarinya kuma ta rufe nata da “I love her too much.” In Bature ya karanta sai ya ce uwar fari kirkinta ya yi yawa har a na cutarta, ta biyu ta cika wa miya sukari, ta uku kuwa son da ’yarta ke yi mata ya zama abin damuwa. Alhali yaran nan ba abin da su ke nufi sai yabo tsantsa.

Da wuya malami ya ga irin wannan bai ce yaran dolaye ne ba. Amma ba dolanci ba ne, abin yana da tushe, na kuwa ga tushe uku. Na ɗaya, kalmar “yawa” ta Hausa fuska biyu gare ta. In ka ce “na sami gyaɗa da yawa,” murna ka ke yi. In ka ce “gishiri ya yi yawa,” kuka ka ke yi. Yaro ya ji an fassara masa “too much” da “da yawa,” shi ke nan sai ya riƙe, ya yi ta zuba ta ko’ina. Na biyu, Turancin Buroka da su ke ji a tashar mota da kasuwa da waƙoƙin rediyo. A can in an ce wa mutum “you too much,” an kai shi ƙarshen yabo, in an ce abinci “e too sweet,” mai tuwo sai ta yi murmushi. Yaran ƙasarmu kuwa, ko Berom ne, ko Ngas, ko Tarok, da harshen gida su ke tashi, su sami Hausa a unguwa da wurin sujada, su tsinci Buroka a hanya, kafin su zo ga Turancin littafi. Na uku, laifin irin koyarwarmu ne, da mu kan jera kalmar Turanci a hagun allo, ta Hausa a dama, mu ce a haddace, sai ka ce kowace kalma tana da tagwai a wani harshe.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, Hausa ta san bambancin nan sarai, sai dai ba da kalma guda ta ke nuna shi ba. In Bahaushe yana so ya ƙarfafa magana yana da ƙwarai da sosai da matuƙa, yana kuma da waɗansu kalmomi masu daɗi da Turanci ba shi da irinsu: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Duk waɗannan gidan “very” su ke. In kuwa yana so ya ce abu ya wuce kima, sai ya juya ginin maganar. Ya ce riga ta yi mini girma, takalmi ya yi mini kaɗan, kaya sun yi wa jaki nauyi, kuɗin makaranta ya fi ƙarfina, wane ya cika surutu, jaririn nan ya faye kuka. Waɗannan duka gidan “too” su ke. Ba yaron da zai rikita “rigar tana da girma ƙwarai” da “rigar ta yi mini girma.” Ta fari ya sa ta ya tafi biki yana taƙama, ta biyu sai an kai wa tela. Har ma Hausawa sun san nauyin irin wannan magana, shi ya sa in ruwan sama ya yi yawa ya rushe gidaje ba su kan so su ce ya yi ɓarna ba, sai su ce ruwa ya yi gyara.

Ku dubi ’yan kalmomin nan “mini” da “wa” da ke cikin misalan. Su ne mabuɗin. Abu ba ya yin yawa haka kawai, sai dai ya yi wa wani yawa, ko ya yi wa wani aiki yawa. Haka “too” ta ke, kullum da mudunta a ɓoye. Saboda haka na koya wa yarana tambaya guda: duk sa’ad da ka rubuta “too” gaban sifa, tsaya ka tambayi kanka, ya yi wa wa yawa, ya kuma hana me? In ka sami amsa, bar ta. In ba ka samu ba, goge ka sa “very.”

Don in tabbatar musu, washegari na zo da tsohuwar kwat ɗina, na kira ƙaramin yaro duka a ajin na sa masa. Hannuwan suka rufe yatsunsa, gindin ya kai masa gwiwa, aji ya fashe da dariya. Na ce su faɗa da Hausa, suka ce, “Malam, ta yi masa yawa!” Na rubuta a allo, “The coat is too big for him.” Sa’an nan na sa ta a jikina, na ce, yanzu fa? Suka ce babba ce dai, amma ta yi daidai. Na rubuta, “The coat is very big.” Kwat ɗaya ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, mai sawa ne ya sake. Daga nan muka koma kan sanyin ƙasarmu. Kowa ya san Jos da kewayenta “very cold” ne, sanyin nan kuwa shi ne arzikin masu noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu. Amma baƙon da ya taso daga Lakwaja cikin hunturu ba bargo, shi a wurinsa “too cold” ne. Kafin a kaɗa ƙararrawa yaran da kansu su ke kawo misalai, wani ya ce taki in ya yi yawa ya kan ƙone masara, wata ta ce tulun gidansu ya yi wa ƙanwarta nauyi.

Akwai wani gini kuma da masu shirya jarrabawa ke so ƙwarai, watau “too” da “to” a jimla guda. “The old man is too weak to walk.” Ku duba da kyau, babu “not” ko ɗaya a ciki, amma ma’anarta tsohon ba ya iya tafiya. Musun yana ɓoye cikin “too.” Yaron da ya ɗauke ta a kan “very” zai fahimci cewa tsohon yana tafiya, da rauni dai, ya kuwa juya maganar ke nan. Misali mafi kyau da na samu na ƙasarmu ne. Ran 31 ga Mayu 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da aka sani da “Not Too Young To Run.” Dokar ta rage shekarun mai neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, na mai neman Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Samarin da suka yi ta fafutukar nan ba cewa suka yi su ba yara ba ne. Sun yarda su matasa ne, abin da suka ƙi shi ne a ce ƙuruciyarsu ta kai ta hana su tsayawa zaɓe. Duk gardamar a kan mudun nan ta ke, shekara nawa ne suka yi kaɗan. Da an sa “very” a wurin, da sunan bai faɗi kome ba.

Tarihin kalmomin biyu ma yana taimako. A tsohon Turanci “to” da “too” kalma ɗaya ce. In an faɗe ta da sauƙi tana nufin zuwa ga, in an danna ta tana nufin ƙari a kai. Sai a ƙarni na 16 aka saba ƙara mata “o” na biyu don a raba su a rubuce. Har yanzu Jamusawa kalma guda su ke da ita, “zu,” mai yin aikin nan biyu. To, daga ƙari a kai ne ma’anoni biyun suka fito: ƙarin mutum a kan mutum shi ne “ni ma,” ƙari a kan abin da ya isa shi ne wuce kima. Na kan gaya wa yara su dubi “o” na biyun nan kamar ƙarin da ya zube daga bakin mudu, da haka kuma su ke tuna rubutun, su daina rikita ta da “to” ko “two.” “Very” kuwa baƙuwa ce a Ingila. Daga tsohon Faransanci ta shigo, bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066, asalinta “verai,” watau na gaskiya. Mu da muka yi makarantar mishan mun san ’yar’uwarta “verily,” wadda ta cika tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, ma’anarta hakika. Ashe Bature da Bahaushe hanya ɗaya suka bi, gama mu ma in za mu ƙarfafa magana mu kan ce “da gaske,” ko “ƙwarai da gaske.”

Kada kuma mu koya wa yara doka mu ɓoye musu inda ta ke da ƙofa, don wata rana za su ji Bature da bakinsa ya ce “You are too kind,” su ce Malam ya yi ƙarya. Wannan godiya ce, kamar yadda mu kan ce wa wanda ya yi mana alheri, “Kai, ɗawainiyar ta yi yawa.” Ba ƙorafi mu ke yi ba, nufinmu alherin ya fi abin da muka cancanta. Haka “I shall be only too glad to come” na nufin zan zo da farin ciki ƙwarai. “Not too good” kuwa daidai ta ke da “bai cika kyau ba” namu. Samarin Ingila da Amurka ma su kan ce abu “too funny” suna nufin ya ba su dariya sosai, na Faransa kuma haka su ke yi da tasu kalmar, “trop.” Amma waɗannan maganar baka ce da ta raha, mai harshen ya san inda zai taka. Yaro ya fara sanin hanya tukuna kafin ya koyi ratse.

Na san wani zai ce, ai Turancin Nijeriya ma Turanci ne, me ya sa za mu takura wa yara? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A watan Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya karɓi kalmomi 29 na Turancinmu, irin su okada da danfo da buka da Kannywood, BBC kuma tun 2017 ta buɗe sashen Buroka. Ni ba na hana yaro Burokarsa a filin ƙwallo, harshe ne mai hidimarsa. Amma kalma kamar okada ba ta ruɗin kowa, wanda bai san ta ba sai ya tambaya. Ita kuwa “too” haɗarinta shi ne mai karatu ya san ta, ba zai tambaya ba, zai fahimci kishiyar abin da aka nufa ya wuce. Ga kuma jarrabawa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, da JAMB, duk Turancin littafi su ke aunawa, ba kuwa mai shiga jami’a sai da kiredit a Turanci. Ga ta lafiya kuma. An ƙayyade wa babban mutum kada ya sha farasitamol fiye da giram 4 cikin awa 24, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, gama abin da ya wuce haka yana lalata hanta. Takardar da ke cikin kwalin magani in ta ce “too much,” ba yabon maganin ta ke yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a hutun da ya wuce. Wata ’yar maƙwabtanmu tana neman shiga makarantar koyon aikin jinya, aka ce ta kawo takardar shaida daga wani da ya san halinta. Ta tafi wurin tsohon malaminta, dattijo mai mutunci wanda ya koyar da rabin garinmu, ya rubuta mata da hannunsa. Ta kawo mini in buga mata a na’ura, sai na ga ya ce, “She is too quiet and too careful.” Nufinsa yarinya ce natsattsiya mai kula da aiki. Amma wanda zai karanta a can yana iya ɗauka cewa ba ta iya buɗe baki ta yi wa majiyyaci magana, ga ta kuma da nawa. Wa zai ɗauki irin wannan aikin jinya?

Na rasa yadda zan yi, gama ba ya kyautuwa yaro ya gyara wa dattijo rubutu a bayan idonsa. Sai na ɗauki takardar na tafi gidansa da yamma, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Baba, wata ’yar tambaya ce ta kawo ni. In an ce miya ta cika gishiri, an yabi mai dafuwa?”

Ya ce, “A’a, ɗana, an dai faɗa mata magana.”

Na miƙa masa takardar, na sa yatsa a wurin. Ya gyara tabarau, ya karanta, ya yi shiru kaɗan, sa’an nan ya yi dariya ya ce, “Af! Ashe na cika wa yarinyar nan gishiri. Miƙo mini alƙalami.” Nan take ya soke, ya rubuta “calm and very careful.” Har ya sa mini albarka da zan tafi. Da na ga haka sai na ƙara tabbata gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, in dai an zo da ladabi, an kuma biyo ta harshen da mutum ya ke ji har zuci.

Saboda haka, ’yan’uwana malaman gobe, ga ’yar shawarata. In yaro ya rubuta “My mother is too kind,” kada ku ja jan layi ku wuce, kada kuma ku sa aji ya yi masa dariya. Ku kira shi ku ce ya faɗa da Hausa ko da harshen gidansu. In ya ce uwarsa tana da kirki ƙwarai, ku tambaye shi, kirkin ya yi yawa ne har ya ɓata wani abu? Zai ce a’a, da kansa kuma zai ɗauki abin gogewa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da aka gyara wa wannan a aji biyar ba zai kai shi cikin takardar neman aiki ba, balle ya rubuta wa ’yar wani shaida da shi.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. In akwai wanda ya sami wata dabara da ta fi wannan a wurin gwajin koyarwarsa, ina roƙo ya aiko wa Edita mu karanta a fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu haƙurin koyarwa, ya kuma buɗe wa yaranmu basira. Amin.